Wata shida a Zariya: yadda Abubakar Imam ya samu lokacin rubuta Magana Jari Ce

Idan ka yi firamare ko sakandare a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da akun nan mai surutu na cikin Magana Jari Ce ba. Wataƙila malamin Hausa ne ya sa ka tashi ka karanta a gaban aji kana in'ina, wataƙila kuma wani yayanka ne ya bar tsohon kwafi a gida, bango ya yage, shafin farko ya ɓace. Abin da ba a cika gaya mana a aji ba shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana rubuta shi. Littafi uku ne, labarai sama da tamanin, kuma cikin wata shida aka rubuta su, a shekarar 1936. Wanda ya rubuta yana ɗan shekara 25.

Na san abin da ya zo maka a rai: ai su mutanen da ba su da abin yi, ba lacca, ba neman kuɗin data, ba hidimar zamani. Tsaya tukuna. Ina kawo maka tarihin mutumin nan ne saboda na san akwai wani abu da ka daɗe kana ɗagawa. Ko dai labarin da ka fara a waya ya tsaya a shafi na huɗu, ko waƙar da ka yi wa amshi ba ka yi mata baiti ba, ko zanen da kake cewa sai ka samu natsuwa. Ke ma 'yar'uwa, na san da littafin nan da kika fara turawa a WhatsApp, masu karatu suna ta tambayar ci gaba, ke kuma girki da wanki da makaranta sun sha gabanki. Kowa yana jiran ranar da zai samu lokaci. To bari mu ga yadda ta kasance da Abubakar Imam, wanda ya taɓa samun irin wannan lokacin sau ɗaya tak a rayuwarsa.

An haife shi a Kagara, wadda yanzu take cikin jihar Neja, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da littattafan Larabci ya fara. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya ja shi zuwa Katsina, inda ya yi boko har ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina. Wanda ya san aikin malanta ya san ba a aji yake ƙarewa ba. Akwai shirya darasi, akwai tulin littattafan yara da za a duba, balle a makarantar kwana inda yaran suna wuyanka har bayan an tashi.

Yana cikin wannan aiki ne, a 1933, wani Bature mai suna Rupert East ya zagayo garuruwan Arewa. East shi ne shugaban hukumar da ke Zariya mai kula da fassara da samar da littattafan Hausa. Matsalarsa ita ce an koya wa yara karatun boko, amma babu abin karantawa mai daɗi da zai riƙe su. Sai ya sa gasa: a rubuto ƙagaggen labari da Hausa. Ba ƙaramar wahala ya sha ba wajen shawo kan malaman lokacin, domin a wurinsu rubutu na addini ne da ilimi, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ce da dare. Babban mutum ya zauna ya ɓata tawada a kan abin da bai faru ba? Abin kunya ne ma a wurin wasu. Ka ga ashe wannan kallon da ake yi maka in ka ce kai marubuci ne ko mai zane, kamar ka rasa aikin yi, ba yau aka fara shi ba.

Imam yana da shekara 22 ya shiga gasar. Ba a ba shi hutu ba, ba a rage masa aji ba. A cikin abin da aiki ya rage masa na lokaci ya rubuta Ruwan Bagaja, da alƙalami da takarda, labarin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda ke yawo gari-gari kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Littafin ya shiga cikin biyar da aka zaɓa aka buga. Sauran su ne Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shehu Umar na wani matashin malamin Midil ta Bauchi mai suna Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Riƙe sunan malamin Bauchin nan, za mu dawo kansa.

Ruwan Bagaja ƙaramin littafi ne, za ka iya cinye shi a zama ɗaya tsakanin la'asar da isha. Kuma da ganinsa ka san aikin wanda ke rubutu a gutsure ne: labari kan labari, kowanne yana iya tsayawa da ƙafarsa, sai tafiyar neman ruwan ta ɗinke su. Salon ya yi kama da na Maƙamatul Hariri da almajirai ke karantawa a zaure. Ni a ganina wannan ba rauni ba ne, dabara ce ta mai ƙarancin lokaci. Wanda ke da awa ɗaya a rana bai kamata ya ɗauko ginin da sai an yi wata ana zuba harsashi ba. Ya ɗauko abin da za a iya gamawa yau, gobe a ɗora wani a kai.

To wannan ɗan littafin da aka rubuta a lokacin sata shi ya jawo babbar dama. East ya ga hannun yaron, ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya tattara ya koma Zariya na wata shida, ba aji, ba duba jarrabawa, aikinsa guda ɗaya: ya rubuta littafin karatu. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa irin su Alfu Laila, na Indiya, na Turai irin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara. Imam ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta, ya kai wa East su bi tare suna gyara.

Yi lissafi da kanka. Wata shida kwana 180 ne ko kusa da haka. Labarai sama da tamanin. Kusan duk kwana biyu sai an gama labari guda ke nan, har da karatun da ke gabansa da gyaran da ke bayansa. Wannan ba aikin mai jiran sai ilhama ta sauko ba ne. Aiki ne irin na manomin riɗi da ya san in ya yi sake lokacin yanka ya wuce, kwanson zai fashe ya zube a ƙasa.

Wasu kan ce ai aro ya yi, ba ƙirƙira ba. Gaskiya ne da yawan labaran suna da asali a wasu wurare, kuma masana sun bi diddiginsu. Labarin Sarkin Busa, misali, daga wani tsohon labarin Jamus ne na mai sarewar da ya kwashe ɓerayen gari, aka hana shi ladansa. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka gyara wa baƙo, shi ma yana da ɗan'uwa a tatsuniyoyin Grimm. Amma karanta su ka gaya mini inda ka ji ƙamshin Jamus. Sunaye namu ne, fada tamu ce, zagi da ba'a da karin magana duk na ƙofar gidanku ne. Yawancinmu mun girma muna ɗauka kakanninmu ne suka bar mana su. Wannan juyin shi ne aikin, kuma shi ne abin da ke cin lokaci. Kai da ke ɗauko sautin wani a TikTok ka ɗora fuskarka kawai, ka duba bambancin.

Ba kuma zube labaran ya yi kamar tumatir a faifai ba, ya gina musu gida. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a fada, Waziri kuma yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi shiri zai fita, sai ya biya wurin aku, aku kuwa ya ɗauko labari, ya yi ta jansa har gari ya waye, fita ta fasa. A na biyu akun ya zama Waziri, ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koyar da ɗansa Fasih. An buga su tsakanin 1937 da 1939, kuma har yau ana sayar da su.

Duk lokacin da na tuna Musa da akun nan sai in dubi wayar da ke hannuna in yi dariya. Kai ma kana da naka akun. Ka idar da sallar isha da niyyar yau sai ka rubuta shafi biyu, ka ce bari in ɗan leƙa minti biyar, wannan bidiyo ya miƙa ka ga wancan, ka ɗago kai ƙarfe ɗaya ta wuce, caji ya mutu. Bambancin kawai shi ne akun Musa ransa yake ceto, naka kuwa masu shi talla suke sayarwa da idonka. Ban ce ka yar da waya ba, a cikinta kake karanta wannan, kuma a cikinta da yawa daga marubutan Hausa na yanzu suke rubutu suna samun masu karatu. Amma wanda ya ce ba shi da awa ɗaya, ya buɗe wurin da wayar ke nuna awowin da ya yi a kanta jiya, sannan mu yi magana.

Akwai wani abu a tafiyar Zariyan nan da ya fi yawan kwanakin muhimmanci, wato barin gari. A Katsina Imam malami ne, ƙanin Malam Bello ne, kowa ya san inda zai same shi. Kai ma ka san yadda rayuwarmu take. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi ta'aziyya, ga abokai a majalisa suna jiranka, in ba ka fito ba a ce ka fara girman kai. A garuruwanmu mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa da rana tsaka, sai an ƙwanƙwasa an tambaye shi ko lafiya. Zumuncin nan alheri ne, shi ke riƙe da mu ranar da abu ya faru, ba na so a taɓa shi. Sai dai rubutu da zane da tsara waƙa suna son kaɗaici, kuma kaɗaici ba ya cikin abin da al'adarmu ke bayarwa kyauta. Dole ka nema. Ga wani bayan sallar asuba ne kafin gida ya tashi. Ga ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel wataƙila ajin da aka watse ne da yamma. Ga yaron da ke taya babansa a kasuwar Maigatari, ranar Alhamis ba tasa ba ce, wannan kowa ya sani, amma safiyar Juma'a fa? Ga mace abin ya fi wuya, don ita ko ƙofar ba ta isa ta rufe ba in akwai ƙanne ko 'ya'ya, sai ta haɗa da lallashin mutanen gida su san cewa wannan awar tata ce. Wanda duk ya gaya miki abu ne mai sauƙi bai taɓa riƙe gida ba.

Sannan ga East. Za a iya faɗin abubuwa da yawa game da Turawan mulkin mallaka da abin da suke nufi da littattafan da suka sa aka rubuta, kuma har yau masana na muhawara kan yawan hannun East a aikin Imam. Amma ta fuskar mai rubutu, samun mutum guda da ke jiran shafukanka, zai karanta da gaske, ya ce nan ya yi, nan bai yi ba, ya fi yabon mutum ɗari da ke danna maka alamar so ba su karanta ba. In kana da aboki ɗaya mai gaya maka gaskiya, ka ba shi rana: duk Asabar zan turo maka abu. Kunyarsa kaɗai za ta zaunar da kai.

Kada dai ka manta da jerin yadda abin ya faru. Wata shidan ba su zo da farko ba. Da Imam ya ce a 1933 sai ya samu hutu zai yi rubutu, da babu Ruwan Bagaja, da East bai san da shi ba, da wani aka kira Zariya ko kuma ba a kira kowa ba. Yau ma haka take. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da dama, amma babu wadda aka je gida aka roƙa. Wadda ta riga ta zauna ta rubuta ita ke da abin turawa.

Da ya gama ya koma Katsina ya ci gaba da koyarwa. Bai daɗe ba aka sake nemansa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma ya riƙe ta fiye da shekara goma. A shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutane na ƙishirwar labari, wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba a zaure da bakin kasuwa. Irin Hausar da yake rubutawa a jaridar, mai sauƙi, mai barkwanci, wadda ba ta tsoron karin magana, ta yi tasiri ƙwarai a kan yadda ake rubuta Hausar boko har yau. Wasiƙun masu karatu suka riƙa zuwa daga ko'ina, jaridar ta zama wurin da talakan Arewa ke kai kuka.

A 1943 yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya bayyana masa matsalolin da mulkin En'e ke haifarwa da halin da matasa masu ilimin boko ke ciki. Tafiyar ce ta haifi littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan hidima ta buɗe baki. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya shiga majalisa, ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, ya riƙe kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, daga baya kuma ya zama kwamishinan sauraren koke-koken jama'a a Kaduna.

Bai ajiye alƙalami ba, wannan dole a faɗa. Ya yi Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya yi Ikon Allah tare da East don koyar da kimiyya, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyadina Abubakar, da littafi a kan aikin hajji. Mutum ne da ko a tsakiyar hidima yana samun abin da zai rubuta. Amma duba jerin da kyau. Duk littattafan koyarwa ne, da tarihi, da bayanin tafiya, irin waɗanda za a iya yi a hankali tsakanin wannan taro da wancan. Babban ƙagaggen labari irin Magana Jari Ce bai sake fitowa daga hannunsa ba. Ya rayu shekara 45 bayan wata shidan nan, kuma littattafan da aka fi tunawa da shi saboda su ya gama su tun bai wuce shekara 25 ba.

Ba ina cewa ya yi asara ba. Arewa ta lokacin tana da 'yan boko ƙalilan, duk wanda ya iya abu sai an ɗora masa goma, kuma wa zai ce jaridar da ta wayar da dubban mutane ba ta kai littafin labari ba? Amma abin yana ba ni tsoro, domin ya nuna cewa ba talauci ko rashin dama kaɗai ke cinye baiwa ba. Nasara ma tana ci. Ka iya rubutu, sai a ba ka sakataren ƙungiya. Ka iya zane a kwamfuta, sai kowane ɗan takara da kowace amarya su kawo maka fosta da katin biki, kuɗi na shigowa, shekara uku ta wuce ba ka zana abu ɗaya naka na kanka ba. Babu wanda ya zalunce ka, kowa ma yabonka yake yi.

Malamin Bauchin nan da na ce ka riƙe sunansa, shi nasa ya fi tsanani. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shehu Umar yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, littafin da har fim aka yi da shi daga baya. Siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Ministan Najeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Shehu Umar shi ne ƙagaggen labarinsa na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Abubakar Imam ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda da Turanci yake, bai ga fitowarsa ba. Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tattara ya tace, kamfanin NNPC ya buga shi a 1989, shekara takwas bayan an binne shi. Allah Ya jiƙansa da rahama.